Duk ranar da aka yi feshi a gandu sai yaranmu su kwanta: maganin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni malamin firamare ne. Makarantarmu tana gefen wani babban gandun rake na kamfani, hanya ce kawai ta raba mu. Duk ranar da suka yi feshi sai yara su yi ta ƙaiƙayin ido da atishawa, wasu ciwon kai, wasu har amai. Mun je wurin manaja, ya ce maganin yana da rajistar NAFDAC, kuma ciyawa da ƙwari kawai yake kashewa. Shin maganin feshi yana cutar da wanda bai taɓa shi ba? In yana yi, iyakar cutar ke nan, ko akwai wadda za ta biyo baya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, yana cutarwa, kuma ba sai an taɓa shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. In yara lafiyarsu lau ranar Litinin, aka yi feshi Talata suka yi ta murza ido da amai, Alhamis suka warware, aka sake feshi abin ya sake dawowa, to ba a bukatar wani dogon karatu kafin a san inda za a fara dubawa.

Manajan ya faɗa maka gaskiya ɗaya, ya haɗa ta da kuskure ɗaya. Zai yiwu ƙwarai maganin yana da rajista. Amma rajista izini ce ta sayarwa da amfani bisa sharuɗɗan da aka rubuta a jikin kwalba: kar a fesa cikin iska mai ƙarfi, kar a bari ya shiga ruwa, kar mutum ko dabba su shiga wurin sai bayan lokaci kaza. Mota ma tana da takardu, wannan bai hana ta kaɗe mutum ba. Kuskuren shi ne cewa ƙwari da ciyawa kawai yake kashewa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yawancin magungunan ƙwarin da ke kasuwanninmu ta jijiya suke kisa, kuma jijiyar fara da ta ɗan Adam hanyar aikinsu ɗaya ce. Duk lokacin da jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, ko ta umarci baki ya fitar da yawu, tana sakin wani sinadari ne, sai nan take wani sinadarin, mai suna kolinestares, ya zo ya share shi don saƙon ya tsaya. Dangin magungunan da ake kira oganofosfet, irin su daikulobos da ke cikin Sniper, da kulofirifos, da daimetowet, aikinsu shi ne su ɗaure wannan mai sharar. Haka ma danginsu na kabamet, irin Furadan. Sai saƙo ya yi ta tafiya babu birki. Ƙwaro ya yi ta shure-shure ya mutu. Mutum kuwa, in kaɗan ya shaƙa, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin dishi-dishi. In ya yi yawa sai yawu ya riƙa dalala, gumi ya jiƙa riga, hawaye, amai da gudawa, tsokar fuska da ta cinya su riƙa rawa, ƙirji ya cika da majina. Abin da ke kashe mutum a nan numfashi ne, ya nitse a cikin majinar kansa.

Alama ɗaya nake so ka riƙe, domin ita ce ke raba wannan da zazzaɓin cizon sauro ko kwalara: baƙin tsakiyar ido yakan tsuke ya koma kamar kan allura, ko da a cikin ɗaki mai duhu. Na taɓa karɓar wata yarinya da aka kawo mana da amai da gudawa, an riga an ɗaura mata ruwa a wani ƙaramin asibiti a matsayin mai kwalara. Jikinta ba zafi, gumi kamar an watsa mata ruwa, ido a tsuke. Da muka matsa wa uwar da tambaya, ashe jarkar da suke ajiye ruwan sha a gona tsohuwar jarkar magani ce, an wanke ta da omo har sau uku, a cewarta. Allurar atirofin, makarin irin wannan guba, ce ta tashe ta. Na kawo wannan ne don ka san cewa a wurarenmu da yawa daga cikin waɗanda maganin feshi ya kwantar da sunan maleriya ko taifod ake rubuta su, shi ya sa in ka je neman adadi a asibiti ba za ka samu ba. 

Ƙaiƙayin ido da atishawa da zafin fuska kuwa sun fi kama da wani dangin, su saifametirin da lamda da ke cikin Karate. Waɗannan ba su kai na farko kisa ba, amma suna sa fata ta riƙa yi kamar ana tsira mata allura, suna kuma tayar wa mai asma da ciwonsa. Warin da kuke ji ma sau da yawa ba na maganin kansa ba ne, na man da aka narkar da shi ne, dangin kananzir, kuma shi kaɗai ya isa ya sa yaro ciwon kai da amai.

Da yake gandun rake ne, na fi zaton maganin ciyawa ya fi yawa a abin da suke fesawa: atirazin, dayuron, 2,4-D, farakwat, gilaifoset. Mutanenmu sun ɗauki maganin ciyawa abin wasa, wai ai ganye kawai yake ƙonawa. Farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, yana ƙona fata, yana cire farce, yana sa haɓo, kuma kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba ya isa ya lalata huhu cikin 'yan kwanaki, babu kuma makarinsa. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Atirazin ba ya kwantar da mutum nan take, matsalarsa shi ne yana bin ruwa ya sauka ƙasa har rijiya, kuma a kan wannan ne Turai ta janye shi a 2004. NAFDAC ɗin da manajan ya kafa hujja da ita ta sanar da janye farakwat da kulofirifos a 2024, atirazin a 2025. Saboda haka a tambaye shi wane magani ne, da sunansa, ba "mai rajista" kawai ba.

To ta yaya abin da aka fesa a can yake tsallako hanya ya shigo aji?

Bakin injin feshi ba ya fitar da ɗigo iri ɗaya. Akwai manya masu nauyi da ke sauka kan ganye nan take, akwai ƙanana da kaurinsu bai kai na gashin kai ba. Ƙananan nan ba sa faɗuwa, shawagi suke yi. In rana ta yi zafi iska ta bushe, kamar yadda take a bazara da hunturu, ruwan da ke cikin ɗigon yakan ƙafe kafin ya kai ƙasa, sai ya ƙara ƙanƙancewa, ya koma ƙura mai guba da iska za ta ɗauka duk inda ta ga dama. Gwargwadon nisan bakin injin daga ƙasa da ƙarfin matsin da aka ba shi, gwargwadon nisan da maganin zai yi. Mai injin goyo yana iya zubo wa maƙwabcinsa na kusa, tarakta mai dogayen hannuwa ta fi shi, jirgin sama ya fi su duka. Jirgi mara matuƙi da aka fara yayi yanzu, shi ma ruwa kaɗan yake ɗauka, maganin a kaurare, ɗigon ƙanana.

Akwai wani abu da ko ma'aikatan gandu da yawa ba su sani ba. Kowa ya san ba a feshi cikin guguwa. Amma lokacin da iska ta tsaya cak, da asubahin sanyi, shi ma yana da nasa haɗarin. Ka lura da hayaƙin murhu da sassafe a lokacin hunturu, yadda ba ya tashi sama, sai ya kwanta ya bi gari kamar an shimfiɗa bargo? Iska mai sanyi ce ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama. Maganin da aka fesa a wannan lokaci haka yake yi, ya taru ya yi gajimare marar ganuwa, ya sulale a hankali zuwa kwari, yana iya wuce kilomita. Wannan kuwa daidai lokacin da yara ke fitowa makaranta ne. Feshi mai kyau yana son iska 'yar kaɗan, mai ɗorewa, wadda ke kaɗawa daga gari zuwa gona, ba daga gona zuwa gari ba.

Ko an gama feshin ba a gama ba. Wasu magungunan suna tashi kamar turiri daga kan ganye da ƙasa kwana ɗaya ko biyu bayan an fesa, musamman da tsakar rana. Wasu suna maƙale wa ƙura, ta shigo ta taga ta kwanta a kan benci da tabarma da tulun ruwa. Ruwan sama na farko bayan feshi yakan wanke gona ya zuba a rafi da kududdufin da ake wanki da shayar da dabbobi. Sai kuma hanyoyin da ba ruwansu da iska: lebura ya dawo gida da rigar da ya yi feshi, ya ɗauki ɗansa, matarsa ta haɗa rigar da kayan yara ta wanke, jarkar da aka yar a bayan gandu ta dawo kasuwa ana zuba mata man gyaɗa ko nono, yara su tsinci rake a bakin gona su sha. Irin wannan ne ke faruwa in an yi wa jan baki feshi da jirgi a yankunan Kebbi ko Jigawa ko Yobe, a wayi gari mutane na tsintar tsuntsayen da maganin fentiyon ya kashe suna kaiwa tukunya.

Yaro kuma ba ƙaramin babba ba ne. In aka auna da nauyin jikinsa ya fi babba shaƙar iska, ya fi shi shan ruwa, hancinsa ya fi kusa da ƙasa, hannunsa kullum a baki, hantarsa ba ta gama ƙwarewa wajen tace guba ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ana kan gininta. Abin da zai sa ka ciwon kai na awa ɗaya shi zai kwantar da ɗan aji ɗaya wuni guda.

Yanzu rabin tambayarka na biyu, wanda ya fi damuna. Ciwon ranar feshi ana ganinsa, ana magance shi, yawanci ya wuce. Wanda ke taruwa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru shi ne ba ya sallama. Bari in ba ka labarin wuraren da aka riga aka sha wannan ɗacin.

A gundumar Kasaragod ta jihar Kerala, kudancin Indiya, kamfanin gandaye na gwamnatin jihar yana da gandun yazawa sama da hekta 4,000, a kan tuddai, ƙauyuka da rijiyoyi da ƙoramu a ƙarƙashinsu da tsakaninsu. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara fesa musu wani magani mai suna endosulfan da jirgi mai saukar ungulu, sau biyu ko uku a shekara, don kashe wani ƙwaro mai tsotse furen yazawa. Haka aka yi ta yi sama da shekara ashirin. Maganin yana da rajista. Dabbobi ne suka fara ba da labari: kifi da kwaɗi da ƙudan zuma suka ragu, shanu suka fara haihuwar maruƙa masu karkatattun ƙafafu. Wani manomi ɗan jarida mai suna Shree Padre ya rubuta labarin maruƙan tun farko-farko, ba wanda ya kula. Daga baya likitan ƙauyen Padre, Dakta Mohana Kumar, ya lura cewa a ɗan ƙaramin yankin da yake dubawa yaran da ke da farfaɗiya da taɓuwar ƙwaƙwalwa da nakasar haihuwa sun yi yawa fiye da kima, kuma gidajen da abin ya fi shafa suna bin bakin ƙorama ɗaya. Ba shi da ɗakin gwaji. Abin da yake da shi littafi ne da biro, yana rubuta gida-gida. Wata ma'aikaciyar gona, Leelakumari Amma, ita ta kai ƙara kotu a 1998 ta samu umarnin dakatar da feshin a yankinsu. Zuwa 2001 aka daina feshin sama a gundumar.

Sai bayan nan cibiyar lafiyar ma'aikata ta ƙasar Indiya ta zo ta gwada 'yan makaranta, ta kwatanta su da na wani ƙauye da ba a feshi. Aka samu maganin a jininsu, aka kuma ga cewa yara maza na yankin feshin balagarsu tana jinkiri, sinadarin mazantakarsu ya yi ƙasa. A 2011 aka sa endosulfan cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar daga duniya, a shekarar kuma Kotun Ƙolin Indiya ta hana shi a ƙasar baki ɗaya. A 2017 kotun ta umarci gwamnatin Kerala ta biya mutum sama da 5,000 diyyar rufi 500,000 kowanne. Har gobe akwai masanan da ke jayayya cewa ba duk cututtukan da aka lissafa ne maganin ya jawo ba, kuma a wasu wuraren suna da hujja. Amma ka duba lissafin: daga maruƙan farko zuwa hanawa an haura shekara talatin. Yaran da aka haifa ana cikin gardamar su ne suka biya kuɗinta.

Na biyu, tsibiran Gwadalub da Martinik da ke ƙarƙashin Faransa, masu noman ayaba. Daga 1972 zuwa 1993 an yi amfani da wani magani mai suna kulodekon don kashe ƙwaron da ke huda gindin ayaba. Wannan ba ma da jirgi ake fesa shi ba, gari ne ake barbaɗawa a gindin shuka, sau da yawa da hannu. An san haɗarinsa: a 1975 ma'aikatan masana'antar da ke yin sa a Hopewell ta jihar Bajiniya a Amurka sun kamu da karkarwar jiki, aka rufe masana'antar, aka hana kamun kifi a kogin garin, Amurka ta daina yin sa. Faransa ta hana shi a 1990, amma aka yi wa masu gandun ayaba uzuri har 1993. Yau shekara talatin da ɗoriya da dainawa, binciken hukumar lafiyar Faransa da aka fitar a 2018 ya nuna cewa kashi 95 cikin ɗari na manyan Gwadalub da kashi 92 na Martinik suna ɗauke da shi a jini. Mafi yawansu ba su taɓa aiki a gandun ayaba ba. Ta ruwan sha ya shige su, da dankali da doya da gwaza da suka girma a gurɓatacciyar ƙasa, da kifin bakin teku, da ƙwan kajin gida masu tona. An danganta shi da haihuwar bakwaini da kuma sankarar furosteti, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda tsibiran ke cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. A 2021 Faransa ta amince da wannan sankara a matsayin cutar da aikin feshi ke jawowa. Masana ƙasa sun ce a wasu filayen maganin zai ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya ƙare.

Sauran zan taƙaita. A gandayen ayaba na Nikaragwa da Kosta Rika dubban leburori sun rasa haihuwa saboda wani maganin tsutsar ƙasa mai suna Nemagon, wanda aka ci gaba da aika musu bayan an gano a 1977 cewa ya kashe maniyyin ma'aikatan masana'antarsa a Kalifoniya. A Kosta Rika ɗin dai, inda ake fesa wa ayaba mankozeb da jirgi kusan duk mako, an gwada fitsarin mata masu ciki a yankin Matina, aka ga waɗanda gidajensu suka fi kusa da gandu su suka fi ɗauke da ɓurɓushinsa, kuma ɓurɓushin yana taɓa ƙullin maƙogwaron nan da in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo. A kwarin Salinas na Kalifoniya an bi mata masu ciki 'yan aikin gona tun daga 1999, aka auna 'ya'yansu suna shekara bakwai: waɗanda iyayensu suka fi ɗauke da oganofosfet lokacin goyon ciki sun gaza takwarorinsu da kusan maki 7 a ma'aunin basira. Kai da ke aji ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Ba za a ga yaron a ce ba shi da lafiya ba. Za a dai ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san wannan rayuwa. A gandun audugar Jazira, wanda aka buɗe a 1925, tun shekarun 1940 ake feshi, daga baya da jirage, kuma da yawa daga cikin leburorin da asalinsu Afirka ta Yamma ne a sansanonin da ake kira kambo suke zaune, a bakin magudanan ban-ruwa, tsakiyar gonakin, ruwan magudanar suke sha.

Sai dai kar in tsorata ka fiye da kima, kar kuma in ba ka makamin da zai karye a hannunka. Endosulfan da kulodekon da Nemagon duk an hana su, kuma yawancin magungunan yau ba sa daɗewa a ƙasa kamar su. Ba kowane ɓari ko sankara ko yaro mai farfaɗiya a garinku ne za a ɗora wa gandu ba; maleriya da wahalar naƙuda da sanƙarau suna nan suna nasu aikin. Wasu magungunan hujjar cutarwarsu ta yi ƙarfi, kamar kulofirifos da ƙwaƙwalwar jarirai, ko alaƙar feshi da cutar karkarwa ta Fakinsin, wadda Faransa ta amince da ita ga manoma tun 2012. Wasu kuma ana kan ja-in-ja: gilaifoset, hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa ne yana jawo sankara, hukumomin Turai da Amurka suka ce a yadda ake amfani da shi ba su ga hakan ba. In kuka je gaban kamfani kuka ce duk wata cuta ta garin feshi ne, za su kama ɗaya da ba haka ba ne su rusa muku sauran. Ku tsaya a kan abin da kuka gani da idonku kuka rubuta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daga gobe ka ware littafi ɗaya, irin na Dakta Mohana Kumar. Duk ranar feshi ka rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da irin injin, da inda iska ke kaɗawa, da ko an ji wari, da sunayen yaran da suka yi ciwo da abin da kowanne ya ji, da lokacin da ya warware. Ka rubuta ranakun da ba a yi feshi ba su ma, domin su ne ma'aunin. Ka ɗauki hoto da waya, tana ajiye kwanan wata da kanta. Ka duba shuke-shuken bakin hanya: tumatir da auduga da wake da kuɓewa ba sa jure 2,4-D ko kaɗan, ganyensu kan nannaɗe ya murɗe, kuma wannan shaida ce da ba ta ƙarya cewa magani ya tsallako. Matattun kifi, kwaɗi, ƙudan zuma, kaji, duk a rubuta. Iyayen yaran da ke aiki a gandun za su iya ɗauko maka hoton takardar jikin jarka, gaba da baya. Ka kwafi sunan sinadarin harafi da harafi, ka kuma duba launin zaren da ke ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

In littafin ya yi wata biyu ko uku, kar ka je kai kaɗai. Ka bi ta hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai, da mai unguwa da dagaci, har hakimi, a rubuta takarda, a ba duba-gari da sashen lafiya na ƙaramar hukuma kwafi, da ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli. Kuna da damar tambayar rahoton tantance tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka irin wannan. Abin da za ku nema ba a rufe gandu ba ne, 'ya'yanku ne ke cin abinci a can. Ku nemi a daina feshi a filayen da ke kusa da makaranta a ranaku da sa'o'in karatu, a mai da shi yammacin Juma'a ko Asabar. Ku nemi a bar fili tsakanin gona da makaranta da rijiyoyi da ba a fesa masa komai, a dasa masa layin dogon yaro ko turare ya tare. Ku nemi sanarwa kwana biyu kafin feshi, a daina fesawa in iska ta juyo gari, a huda duk jarkar da ta ƙare bayan an ɗauraye ta sau uku, a ba leburori wurin wanka da wanki a can, kar riga ta zo gida. Ba baƙon abu kuke nema ba: tun 2018 Kalifoniya ta hana feshin jirgi da makamantansa a cikin tazarar mita 400 daga makaranta, daga shida na safe zuwa shida na yamma a ranakun karatu, Tarayyar Turai kuma tun 2009 ta hana feshin sama sai da izini na musamman. Kamfanin da ke neman sayar da kayansa ga manyan masu saye yakan ji tsoron takarda mai kwanan wata fiye da hayaniya a bakin ƙofa.

Kafin a kai ga nan, in kun ji wari a shigar da yara aji a rufe tagogin ɓangaren gona, a rufe randa da rijiya, washegari a goge benci da tsumma mai ruwa maimakon shara da tsintsiya. Wanda feshi ya zuba masa a cire masa riga, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta kamar minti goma sha biyar. Ina roƙonka ka gaya wa iyaye su daina ɗura wa yaro manja ko madara, su daina sa masa yatsa a maƙogwaro. Maiƙo yana taimaka wa irin waɗannan magunguna shiga jiki, aman dole kuma yana tura man kananzir ɗin cikin huhu. Yaron da ke dalalar da yawu, ko gumi ba zazzaɓi, ko ido a tsuke, ko numfashi da ƙyar, ko jijjiga, a kwantar da shi ta gefe a nufi babban asibiti nan take, a tafi da hoton jarkar, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya tun daga ƙofa cewa an yi feshi yau, don ya nemi atirofin maimakon maganin maleriya. Ka roƙe shi ya rubuta maganar feshin a katin yaron, ka ɗauki hoton katin ka haɗa da littafinka.